Likita Mai Goyo

Matata ta rasu a shekarar da aka fara shigar da mu asibiti. Kafin nan karatunmu a makarantar koyon likita ta birni duk na littafi ne da allo, cikin shekarun nan na hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Haihuwa ta uku ce ta zo mata da gardama a gidanmu na Kiru. Jini ya ɓalle, kafin a sami motar da za ta ɗauko ta rai ya yi halinsa, ita da abin da ta haifa. Ta bar mini biyu: yarinya, 'yar farina, wadda ko famfara ba ta fara ba, da ƙanenta da bai fi shekara da yaye ba.

Ana gama sadakar arba'in aka zauna maganar yara. Mahaifina malami ne, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa. A zaurensa aka zauna, ga ƙanwarsa Gwaggo, ga kuma Yaya da ta zo daga Bebeji. Yaya ita ce babbarmu. Da mahaifiyarmu ta rasu, a ɗakin Yaya na tashi, a bayanta na yi barci, kuma duk 'ya'yan da ta haifa Allah ya karɓi abinsa. Ta ce za ta tafi da yarinyar, namijin kuwa a bar shi a Kiru cikin 'ya'yan yayyena.

Ba wanda ya ga wani abu a wannan maganar, don haka ake yi. Ɗan fari a wajenmu ba na iyayensa ba ne. Uba ba ya kama sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi yana kallo sai ya ɗauke kai wani ya tashe shi. In wani na gida ya nemi riƙonsa, amsa ɗaya ce: ai naku ne. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Yaran nan tun ranar jana'iza hannunsu a sarƙe yake, ko bayan gida ɗaya zai je sai ɗayan ya raka shi. Ba na son a raba su, ba na kuma son in rabu da su. Amma bakina bai iya faɗa ba. Na yi ta kame-kame, wai a bari tukuna su ɗan manta.

Gwaggo ce ta cece ni. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da kaifin harshe, ta ce ita dama tana son zuwa birni a duba mata ƙafa, sai ta bi ni ta riƙa lura da su. Malam ya ce to, a bar maganar, a ga yadda zan yi. Yaya ta gyara lulluɓinta ta dube ni.

“Taura biyu dai ba ta taunuwa,” in ji ta. “Ranar da ta gagare ka, hanyar Bebeji ba ta ɓata ba.”

Muka kama ɗaki biyu a bayan asibiti. Yadda karatun yake, sai a ajiye ka a sashe guda wata da watanni, in ka ƙware a tura ka gaba, in ba ka ƙware ba ka sake. Da ɗakin tiyata na fara. Aikin ɗalibi a nan shi ne ya riƙe ƙarfen da ke buɗe ciki, ya tsaya ƙiƙam, kada ya yi tari, kada ya yi tambaya. Baturen da ke koya mana dogo ne, jan wuya gare shi kamar na zakara, in hannunka ya yi rawa ba ya zagi, sai dai ya dube ka ta saman tabarau, ka gwammace marin. Nakan dawo gida ƙafafuna sun kumbura, jikina yana warin maganin sa barci. Yaron ya rugo zai rungume ni, ya shaƙa, ya ja da baya yana toshe hanci. Sai na yi wanka yake yarda ni ne.

Gwaggo ta zo lura da yara, gaskiya ne, amma lurar baki ce. Daga kan tabarma take mulki. Ɗebo ruwa, wanki, kai niƙa, wankan yara, duk nawa ne kafin in fita, ita kuwa ta yi tuwo ta kuma yi sharhi. Ran da na zauna ina ɗinke wandon yaron da irin ƙullin da muke yi wa fata, ta karɓa ta ɗaga shi sama tana dariya.

“Kai ɗan nan, ashe mutanen da kuke ɗinkewa haka suke tafiya a tattare? Allah ya tsare ni da wuƙarku.”

A jikin yarana na koyi rabin abin da na sani. Ƙirjinsu na ƙwanƙwasa har na gane sautin huhu mai lafiya. Da abin sauraren ƙirji na bi su ɗaya bayan ɗaya, suna ta ƙyalƙyala dariya wai yana da sanyi. Ba a jima ba yarinyar ta buɗe nata asibitin a gindin turmi, da kara a kunne, kajin maƙwabta su ne majinyata. Duk kazar da ta kama hukunci ɗaya ne, wai ta sha ruwa da yawa ta dawo jibi. Inda ta ji wannan ban sani ba, don ni ban taɓa ba kaza magani ba.

Ɗakin haihuwa shi ne ya kusa kayar da ni. Ranar farko da na ga jini ya ɓalle wa wata mata, sai na fita na jingina da bango. Matata kawai nake gani. Na ji haushin kaina, na ji haushin hanyar Kiru, na ji kamar in ajiye farar rigar in tafi. Abin da ya mai da ni ciki shi ne na tuna matar nan ma wataƙila ta bar biyu a gida. Na koma na riƙe abin da aka ce in riƙe. Ta tashi. Daga ranar ban ƙara fita ba, har ya zamana in abu ya rikice ni ake aika a kira cikin ɗalibai. Wannan kam ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba.

Zagayen ƙarshe na ƙauye ne. Aka tura ni ɗakin shan magani na Tudun Wada, in zauna tare da disfensa mai ba da magani, in riƙa duba marasa lafiya ni kaɗai, Baturen nan yana zuwa jefi-jefi ya ga abin da nake ɓatawa. Ranar kasuwar Doguwa kuma nakan bi mota in ratsa daji in je can, in kwana, in dawo washegari. Abokan karatuna kowa da jakarsa ɗaya ya tafi ƙauyensa. Ni na sauka da tsohuwa, da yara biyu, da tukwane, da kaza guda da yarinyar ta ce ba ta gama shan magani ba. Aka ba mu ɗaki a bayan ɗakin maganin, katanga ɗaya ce tsakani.

Bazara na kamawa ƙyanda ta shigo. Mutanen gari ba sa kama sunanta, baƙo suke cewa, wai baƙon ya sauka a gidan wane. Farfajiyar ta cika da mata da yara masu jajayen idanu, tari kawai kake ji ta ko'ina. Wasu sai an makara ake kawo su, idon ya riga ya yi fari. Na yi iyakar ƙoƙarina in raba yarana da wajen, amma wa ya isa ya tsare iska? Yaron ne ya fara, yarinyar ta bi.

Nan muka yi rigimar da ba mu taɓa yi ba ni da Gwaggo. Ita abin da ta sani shi ne mai baƙo ba a taɓa shi da ruwa, ba a ba shi nono ko nama, a rufe shi a ɗaki, a ɗiga masa ruwan wani ganye a ido. Ni kuwa na ga abin da ganyen nan ya yi wa idanun yaran gari. Na ce ba za a ɗiga ba. Ta ce ta yi jinyar baƙo tun ba a haife ni ba. Na durƙusa a gabanta, don da tsaye ba a cin Gwaggo.

“Gwaggo, ki bar mini idanun da cikin, ni kuma in bar miki sauran. Laya, rubutu, hayaƙi, duk abin da kika ga dama.”

Ta dube ni ta ce, “In suka makance, da bakinka za ka gaya wa Malam.”

Na ce na ji. Haka muka raba aikin. Ni in tafasa ruwa da ɗan gishiri in wanke idanu, in goge jiki, in ɗura kunu da nono ko suna so ko ba sa so. Ita ta shafa rubutun da Malam ya aiko, ta yi ta tofi. Ina duba mutum uku a gaba, in zagaya baya in duba nawa biyu, in wanke hannu in dawo.

Yaron ya fara samun sauƙi, sai cutar ta sauka a ƙirjin yarinyar. Na sa abin sauraro na ji abin da nake tsoro, huhun da na san sautinsa tun yana lafiya yana ƙara kamar ana murza busasshen ganye. Ranar kuwa ta kasuwar Doguwa ce, kuma na san makiyaya sun yi tafiya mai nisa da yaransu suna jirana a can. Na yi wa yarinyar allura da hannuna, na nuna wa disfensa lokacin da zai ƙara mata wata, na hau mota. Ban taɓa jin tsoro irin na tafiyar nan ba. A Doguwa na duba yaran mutane ɗaya bayan ɗaya, wata Bafulatana tana ta yi mini godiya da harshenta, ni kuwa duk yarinyar da aka miƙo mini sai in ga fuskar tawa. Ban rage wa kowa komai ba, na yi aikin yadda aka koya mini. Washegari da motar ta tsaya a Tudun Wada, ban tambayi kowa ba, fuskokin mutane nake karantawa har na isa ƙofa. Na tarar da ita a zaune, jingine da Gwaggo, tana rigima wai furar da aka dama mata ba ta ji nono ba. Na juya na fita bayan ɗaki na yi kukana ni kaɗai.

Wahalar jinya ta kwantar da Gwaggo, gwiwar ta kumbura ba ta ko iya miƙewa. Yaron kuma tun da ya tashi daga ciwon ya zama ɗan manne, in na ajiye shi sai ya yi ta tsala ihu har ya shiɗe. Ga layi a gaba yana jira. Wata safiya na rasa dabara, na ɗauki zanen Gwaggo, na sunkuya na ɗora shi a baya, na ɗaure a kan farar rigata. Ya yi tsit. Na fito haka.

Matan da ke layi suka rufe baki da mayafi, kafaɗu suna rawa. Wani dattijo ya ce, “Likita, lafiya kuwa?” Na ce lafiya lau, Baba, me ke damunka? Wata tsohuwa ta kasa haƙuri, ta taso ta kwance ɗaurin ta gyara mini, tana cewa haka ake yi, ka sa ƙafafunsa su rungumi ƙugu. Ana cikin haka sai ga motar Baturen. Ya shigo ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau, na ce yau kam tawa ta ƙare. Ya zagaya bayana, ya buɗe idon yaron da yatsa ya duba, ya duba ɗayan. Da gurguwar Hausarsa ya ce, “Ido mai kyau. Ci gaba.” Ya ja kujera ya zauna yana kallon yadda nake duba mutane har azahar, da goyona.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin kasuwa ta zagayo, fatake sun kai labari Bebeji da Kiru cewa ɗan Malam yana can Tudun Wada yana goyo kamar mace, kuma ya kwaso wa yaransa ciwo a wajen aikinsa har ɗaya ta kusa tafiya. Ina gama zagayen, saƙo ya zo: in biyo ta gida kafin in wuce birni jarrabawa.

Na tarar Yaya ta riga ni isowa. Ta jawo yaran ta duba idanunsu a rana, ta duba kunne, ta duba tafin ƙafa, ba ta sami abin faɗa ba. Duk da haka da hantsi sai na ga ta ware kayan yarinyar ta ƙulle a ɗankwali. Aka kira ni zaure. Malam yana kan buzunsa, Gwaggo ta miƙe ƙafa a gefe, Yaya ta ajiye ƙullin a gabanta.

Malam ya ce an ga ƙoƙarina, Allah ya yi albarka, amma abin ya isa haka. Namiji da goyo a bainar jama'a ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Yarinya za ta bi yayata yau. Sannan ya yi tambayar da ake yi don cika al'ada, wadda kowa ya san amsarta.

“Ko kana da magana?”

Kaina yana ƙasa. Ina jin amsar da ta dace a kan harshena, ta saba fita daga bakin mazan gidanmu tun kakanni. Na tuna tafiyar Doguwa. Na ce a raina, wanda ya yi waccan tafiyar ya dawo, ba zaure ne zai gagare shi ba.

“Allah gafarta Malam, ina da ita,” na ce. “Ina son 'yata. Ba na son ta tafi.”

Gwaggo ta saki salati. Carbin Malam ya tsaya a hannunsa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, gumi yana bin bayana, amma ban janye ba. Na juya wajen Yaya na ce, “Yaya, ke kika goye ni, ba ni da bakin hana ki komai a duniya. Ki yafe mini wannan ɗaya.”

Na zaci za ta tashi ta yi fushi. Ba ni take kallo ba ma, Malam take kallo.

“Ni ma 'yar fari ce,” in ji ta a hankali. “A zauren nan aka ƙulle kayana aka miƙa wa Gwaggo. Ina laɓe ina jira ko wani zai ce wani abu.”

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon buzu, tsoho mai furfura, wanda ɗalibai ke tsoron tarinsa. Gwaggo ta share ido da bakin zane tana cewa ai ba ta wulaƙanta ta ba. Yaya ta ce ta sani. Sannan ta tura ƙullin gabana da ƙafa.

“Ɗauki, marar kunya. Amma duk Sallah a kawo mini ita in yi mata kitso, don wannan abin da ke kanta ba kitso ba ne.”

Malam ya yi gyaran murya ya ce tunda mai nema ta haƙura, shi ba shi da ta cewa. Ya shafa fatiha, aka tashi.

Jarrabawar na ci ta, na yi aiki shekaru masu yawa, na ciro mutane da dama daga bakin kura da yardar Allah. Takardar tana nan, ba na raina ta. Amma in ana zancen abin da na yi da nake jin kaina ya yi girma, zauren nan nake fara tunawa.

Ranar da aka yi zaman zauren, da la'asar muka hau motar gyaɗa zuwa birni, a saman buhuna, cikin fatake da 'yan kasuwa. Gwaggo tana gaba kusa da direba saboda ƙafarta. Yaron ya yi barci a cinyata. Yarinyar tana gefena rungume da ƙullinta. Sai da muka yi nisa ta matso, ta ɗago kai.

“Baba, ina bayan zana na ji. Da gaske ka ce kana so na?”

Mutanen da ke kusa suka juyo. Wani mai goro ya yi murmushi yana jiran ya ji me zan ce. Bakin da ya buɗe a gaban Malam ya sake rufewa, na ce mata ta gyara zama kada ta faɗi. Ta gyara. Na ɗora hannuna a kanta, a gaban kowa, ban ɗauke ba har muka shiga Kano.